Maganin Attahiru

A shekarar da aka turo ni koyarwa firamaren Kebbe, shekara biyar da ba mu Jihar Sakkwato, akwai yarinya ɗaya a aji huɗu da ba ta fita wasa. Sunanta Hinde, shekararta goma. In an kaɗa ƙararrawar tara yara sun watse fili, ita sai ta zauna gindin taga tana tsaron takalman ƙawayenta. Na ɗauka ƙiwuya ce. Wata Laraba na tilasta mata shiga tseren 'yan mata, ta dube ni kamar za ta yi magana, sai ta tuɓe takalmi ta shiga layi. Ita ta zo ta ɗaya, da rata mai yawa. Ina cikin yaba mata, bayan kamar minti biyar da tsayawa, sai ta durƙusa ta dafa gwiwoyinta. Ƙirjinta ya fara fito kamar ana busa tsinken kara, wuyanta yana lotsawa duk jan numfashi. A ranar na san tana da fuka, kuma gudu ne ke tayar mata da ita.

Katanga ɗaya ta raba gidansu da gidan da ni da maigidana, Malam Lauwali, muke zaune. Uwarta Saudatu mace ce mai sanyin magana, mukan yi hira ta kan katanga in muna tankaɗe. Ubanta Abdulkarimu manomi ne, yana kuma fataucin albasa da gero. Ba mugun uba ba ne a idon kowa. Hinde kaɗai ce 'yarsa mace, kuma in ciwon ya tashi shi da kansa yake goya ta ya zaga tsakar gida. Yana da ƙane guda, Attahiru, wanda aka kai boko shi aka bar shi gona. Attahiru yana aiki ɗakin shan magani na Tambuwal, yana zuwa Kebbe ƙarshen wata kan babur ɗinsa, da farar riga da agogo.

A hutun ƙarshen zango Attahiru ya roƙi wansa ya ba shi Hinde ya kai ta babban asibiti a Sakkwato. Abdulkarimu ya yarda, har ya raka su tasha. Bayan kwana huɗu suka dawo da abin shaƙa guda biyu, ɗaya ruwan ƙasa ɗaya shuɗi. Ina gidan lokacin da Attahiru ya zaunar da Saudatu yana yi mata bayani. Ya ce mai ruwan ƙasan shi ne babba. Za ta shaƙa safe da yamma kullum, ko tana lafiya ko ba ta lafiya, ta kurkure baki bayan ta gama. Ba ya aiki nan take, a hankali yake kwantar da kumburin da ke cikin hanyar numfashi, yadda in ta yi gudu hanyar ba za ta tsuke ba. Shuɗin kuwa na gaggawa ne, in ƙirji ya riga ya kama. Ya maimaita sau biyu cewa in aka daina mai ruwan ƙasan ba za a ga illa a ranar ba, sai bayan makonni, don haka kada lafiyarta ta ruɗe su. Abdulkarimu yana zaune kan turmi yana saurare, ya ce Allah ya saka da alheri.

Kafin wata biyu Hinde ta zama wata yarinya dabam. Ta shiga gaɗa, ta shiga tsallen igiya, tana ɗebo ruwa tulu uku ba ta tsaya a hanya ba. Ta yi kumatu. Takalman ƙawayenta suka rasa mai tsaro. Mata a bakin rijiya suka sa wa abin suna, maganin Attahiru. Duk mai yaro mai tari sai ta leƙo gidan ta ce a nuna mata maganin Attahiru, a kuma gaya mata ranar da zai zo. In ya zo, zauren Abdulkarimu ya cika da mutane, amma ba wurin Abdulkarimu suka zo ba. Shi ke shimfiɗa musu tabarma.

Da aka yi wasannin makarantun yankin a filinmu, Hinde ta cinye tseren 'yan mata duka biyu. Aka ba ta kwanon samira da sabulu. Hedimasta ya tambaye ta a gaban jama'a wa za ta kai wa, ta ce Bappa Attahiru. Aka yi dariya aka tafa. Ina tsaye kusa da inda iyaye maza suke, na ji wani dattijo yana cewa Abdulkarimu, Allah ya yi wa ƙanenka albarka, ya sake haifa maka ɗiya. Abdulkarimu ya ce amin. Ya juya ya tura kekensa, bai jira ta ba.

Bayan kwana uku Saudatu ta kira ni ta kan katanga. Ta ce maigidan ya karɓe mai ruwan ƙasan ya kulle a akwatinsa. Dalilinsa shi ne yarinya ta warke, kuma mai lafiya ba ya shan magani. Na ce ta tuna masa abin da Attahiru ya faɗa. Ta ce ta tuna masa, sunan ne ma ya ɓata maganar.

Mako ɗaya ya wuce, biyu suka wuce, Hinde tana gudunta. Abdulkarimu ya samu abin faɗa. Duk wanda ya zauna da shi a dandali sai ya ji cewa an cire maganin kwana goma sha biyar ba abin da ya same ta, dama lokacin warkewarta ne ya zo, aka ba wani yabo. A mako na uku ta fara tari da asuba, ina jiyo ta daga ɗakina. A na huɗu ta bar tsallen igiya a tsakiya ta je ta jingina da bishiya ta ciro shuɗin daga ɗankwalinta. Daga nan kullum sai ta shaƙa shi, sau biyu, sau uku, wani lokaci don tafiya daga gida zuwa makaranta kawai.

Na sa Malam Lauwali ya yi masa magana, namiji da namiji. Ya dawo ya ce mutumin ya karɓe shi da fara'a, ya ce ya ji labari cewa irin wannan magani in jiki ya saba da shi ba ya rabuwa da shi har abada, kuma yana hana yarinya girma. Shi ba zai mai da 'yarsa baiwar kwalba ba. Malam Lauwali ya ce to a koma wurin likitan a tambaye shi mana. Abdulkarimu ya ce in sha Allahu bayan shuka.

Shuɗin ya ƙare farkon damina. Hinde ta kawo mini shi a aji tana girgizawa kusa da kunnena don in ji babu komai. Saudatu ta roƙi mijinta a aika Tambuwal. Ya ce ba a aika ba. Ya ce shi ma yana shiga Sakkwato, ya san inda ake sayar da magani, ba sai wanda ya sa farar riga ba. Ranar da ya kai albasa ya dawo da wata ƙatuwar kwalbar maganin tari mai ja, da ya saya wurin wani mai tebur a bakin tasha. Ya tsaya a kanta safe da yamma yana ba ta cokali biyu da hannunsa. Saudatu ta ce mini in yana ba ta fuskarsa har haske take yi. Maganin yana sa ta barci a aji, ƙirjin kuwa yana nan yadda yake.

Da Attahiru ya zo ƙarshen wata ya tarar da ita zaune bakin ɗaki tana numfashi da kafaɗu. Ina tsakar gidanmu ina jin komai. Ya tambayi Saudatu ina abin shaƙar. Abdulkarimu ya fito ya ce yana akwati, kuma nan zai zauna.

"Yaya, don Allah mi yarinyar ga ta yi maka?" in ji Attahiru.

"Ɗiyata ta. Ni na haife ta, ni nika ci da ita. Ka haifi taka ka ba ta abin da kaka so."

Attahiru bai taɓa samun haihuwa ba, shekara bakwai da aure, kuma kowa ya sani. Can sai ya ce da murya ƙasa-ƙasa shi ba ya neman komai, in sunansa ne matsala a ce wa mutane Abdulkarimu ne ya sayo, shi zai riƙa aikowa a ɓoye ba wanda zai ji. Wannan ya fi komai ƙona wansa.

"Wato sadaka zaka ba ni, har da sunan? An kai ka boko an bar ni da garma, ban ce komi ba. Mutane sun cika zaurena suna gaishe ka, ban ce komi ba. Yanzu ɗiya guda da Allah ya ba ni, ita ma sai ka karɓe? Ka fita. In ka zo garin ga ka tsaya masallaci mu gaisa."

Na ji tashin babur. Hinde ba ta yi kuka ba, don kuka ma yana tayar mata da ciwon, ta riga ta koyi haɗiye shi.

Abin da na yi bayan wannan ni na yanke shi, ban shawarci kowa ba sai Saudatu. Ranar Asabar na je gidanmu Sanyinna, na biya Tambuwal na sami Attahiru a wurin aiki. Kafin in gama magana ya jawo durowa ya ciro sababbi guda biyu, ya ce tun ranar da ya dawo ya aika Sakkwato aka kawo masa, yana ta tunanin hannun da zai bi. Na ajiye su a kabad ɗin ajina. Hinde takan riga kowa zuwa da safe ta shaƙa, ta kurkure baki a bayan aji, in an tashi ta tsaya share allo ta sake shaƙa. Asabar da Lahadi nakan zo da su gida, Saudatu takan aiko ta gidana da sunan aron rariya, ta shaƙa a can.

Cikin mako uku tarin asuba ya tsaya. Na gargaɗe ta kada ta shiga wasa, ta ci gaba da zama gindin taga. Ta yi ƙoƙari kwana biyu. A na uku na leƙa na gan ta tsakiyar fili tana tsere da yara maza, ɗankwali a hannu, tana dariya. Ban iya kiranta ba.

Abdulkarimu ya ga sauƙin, ya ɗauka jar kwalbarsa ce. Ya sayo ta biyu. Ya riƙa zuwa dandali da ita a aljihun babbar riga yana nuna wa mutane, yana cewa ga abin da ya warkar da Hinde, ba wani tsiya na Turawa da ake fesawa a baki ba. Makonnin nan su ne mafi daɗi da gidan ya gani a shekarar. Yana raha da matarsa, ya saya wa Hinde atamfa. Saudatu ta ce mini a bar shi da kwalbarsa har abada in dai haka za a zauna.

Wata yamma yana cikin wannan bayani a dandali, wani mutum da 'yarsa ke ajina ya ce ai ya ji Hinde tana shaƙa maganin Attahiru a makaranta, a kabad ɗin Malama. Bai faɗa da mugunta ba, ya ɗauka uban ya sani. Wasu suka yi dariya. Waɗanda suke wurin sun ce Abdulkarimu ya mai da kwalbar aljihu a hankali, ya yi sallama ya tashi.

Bai doke ta ba. Ya zaunar da ita ya tambaye ta, ta faɗi gaskiya. Washegari ya zo makaranta ya sami hedimasta, aka kira ni. Bai dube ni ba ko sau ɗaya. Ya ce shi ya kawo 'yarsa karatu ne, bai kawo ta a haɗa baki da ita a mai da shi abin dariya ba. Na ce masa ya yi mini duk hukuncin da ya so, ya kai ƙarata ofishin ilimi in ya ga dama, amma ya bar wa yarinyar maganinta, ko shuɗin kaɗai. Ya ce da hedimasta ya gaya wa malamarsa cewa shi ba ya magana da matan mutane. Hedimasta ya ce mini uba uba ne, makaranta ba ta da iko a kan abin da ya hana. Da hannuna na buɗe kabad na miƙa. Ya haɗa su da na akwatinsa, ya naɗe a takarda, ya ba direban motar Tambuwal ya ce a kai wa Attahiru, a ce masa an gode. Daga ranar Hinde ba ta sake zuwa makaranta ba.

Ya kuma ƙara wa katangar da ke tsakaninmu jerin tubali uku, ya hana Saudatu shiga gidana. Muka koma magana ta wata kafar ruwa da ke gindin katangar, ita a durƙushe ni a durƙushe.

Wanda ya ce zama gida hutu ne bai san aikin yarinya a damina ba. Daka, surfe, ɗiban ruwa, kai abinci gona, kai awaki fadama a dawo da su. Saudatu tana karɓe abin da za ta iya, amma tana da ciki wata bakwai, kuma ba ta fita. Abdulkarimu ya ce aikin ma magani ne, zaman aji ne ya sa ƙirjinta ya yi laushi, su da suka tashi a gona wa ya taɓa jin suna fuka. Ina jin dakan Hinde daga gidana. Takan buga taɓarya goma ta tsaya. Daga baya ta koma biyar. Tsayawar tana fin dakan tsawo.

Limamin unguwa ya je ya same shi, don Malam Lauwali ya kai masa maganar. Ya gaya masa neman magani ba ya karo da tawakkali, kuma lafiyar yaro amana ce a wuyan uba. Abdulkarimu ya durƙusa ya ce gaskiya ne Malam, shi ma bai ƙi magani ba, da an cire amfanin gona zai kai ta Sakkwato da kansa, wurin likitan da ya fi wancan. Wata dattijuwa, ƙanwar ubansu, ta zo daga ƙauye ta yi masa faɗa. Ya ce mata Attahiru ne ya shiga tsakaninsa da iyalinsa, har matarsa ta koyi ɓoye masa magana. Attahiru ya rubuto wasiƙa sau biyu. Abdulkarimu bai iya karatun boko ba, kuma bai ba kowa ya karanta masa ba.

Na ga Hinde sau ɗaya a wannan tsakani, a hanyar rijiya. Ta sauke tulu tana zaune kan wani kututture. Kumatun sun tafi, idanun sun faɗa. Ta gaishe ni, kalma biyu ta ja numfashi, kalma biyu ta ja numfashi. Ta tambaye ni ko an ba wata kujerarta. Na ce tana nan. Na ɗaukar mata tulun har kusa da ƙofar gidansu, ta ce in sauke nan kada Baba ya gani. Kafin ta shiga ta juyo ta ce, "Malama, Baba shina sona. In na yi tari shina tashi shi zauna." Na ce na sani.

Ranar wata Alhamis cikin watan Agusta Abdulkarimu ya tafi cin kasuwar wani gari tun da safe. Kafin ya fita ya ce kada a bar awaki su jiƙe. Bayan azahar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, da iska mai sanyi. Hinde ta tafi fadama ta kwance awakin. Tsawa ta firgita su suka watse cikin gonar dawar mutane. Wasu mata da ke dawowa daga gona sun ce sun gan ta tana bin su da gudu, ta kamo wannan waccan ta kufce, ruwa yana dukanta. Sun ce mata ta bar su, ta ce Baba zai yi faɗa. Ta kawo su gida duka biyar, ta ɗaure, sannan ta durƙusa a zaure.

Muryar Saudatu na ji, ba ta kafar ruwa ba, ta saman katanga. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba sai ranar. Na zaga da gudu. Hinde tana zaune ta dafa ƙasa da hannu biyu, leɓɓanta sun yi duhu, gumi da ruwan sama sun haɗe a fuskarta. Fiton ƙirjin ma ya ragu, kuma Attahiru ya taɓa gaya mini cewa wannan shi ne mafi muni. Ba abin da za mu ba ta. Saudatu ta ɗauko jar kwalbar ta tsaya da ita a hannu, ta dube ni, ta ajiye.

Malam Lauwali ya ruga cikin ruwa neman mota. Motocin haya duk sun tafi kasuwa, mai ɗakin shan maganin garin ya tafi karɓo kaya. Da ƙyar ya samu direban wata motar ma'aikatan gona ya yarda ya kai mu Tambuwal. Saudatu, da ba ta taɓa fita ƙofar gida ba tare da izinin miji ba, ta ja mayafi ta shiga bayan motar da cikinta, ta rungume 'yarta a zaune. Ni ina riƙe da ƙafafun.

Wanda ya san hanyar Kebbe a damina ya san abin da muka tarar. Motar tana tafiya tana zamewa, muka kafe sau ɗaya mutanen wani ƙauye suka tura mu. Ba mu kai rabin hanya ba muka iske wani rafi ya cika ya shafe hanya. Direba ya sauka ya shiga da ƙafa, ruwan ya kai masa ƙugu. Ya ce sai ya ja baya, ko awa ɗaya. Muka zauna. Ruwan sama ya tsagaita. Saudatu tana shafa bayan Hinde tana karanta abin da ta sani, idon yarinyar a buɗe yana kan fuskar uwarta. Kafin rafin ya janye, kafaɗun suka daina ɗagawa.

Direba ya juya motar. Muka koma Kebbe da gawarta.

Abdulkarimu ya dawo gab da magariba ya tarar da mutane a ƙofar gidansa. An ce da ya shiga ya ga gawar sai ya zauna ƙasa ya riƙe ƙafarta, aka yi ta fama kafin ya saki. Kukansa na gaske ne, ni shaida ce. Da safe aka kai ta. Attahiru ya iso ana shirin sallah, wandonsa duk laka, ya tsaya a sahun baya. Da aka dawo ya zauna can ƙarshen tabarma cikin baƙi. Masu gaisuwa suna cewa kwana ya ƙare, Abdulkarimu yana cewa haka ne, ya yi iyakar ƙoƙarinsa, kwalba biyu ya saya, kuma da niyyarsa ya kai ta Sakkwato bayan kaka. Suna cewa Allah ya ba da lada. Ba wanda ya ta da wata magana, har ni.

Ran sadakar uku da hantsi ina ɗakin Saudatu, mata sun ragu, mu biyu ne da wata tsohuwa da ke gyangyaɗi. Sai ga inuwarsa a bakin ƙofa. Bai shigo ba. Ya rame cikin kwana ukun nan kamar wanda ya yi jinyar wata. Ya daɗe tsaye, na ɗauka gafara ya zo nema, har na fara tattara mayafina in ba su wuri.

"Saudatu," ya ce, "ke kina tare da ita cikin mota."

Ta ce e.

"Da abin ya matsa, wa ta kira? Ni ko shi?"

Saudatu ta ɗago ta dube shi. A shekara guda da na yi maƙwabtaka da su ban taɓa ganin ta haɗa ido da shi ba.

"Ba ta kira kowa ba, Malam," ta ce. "Ba ta da numfashin da za ta kira wani."

Ya tsaya kaɗan, ya saki labulen ya koma zaure wurin masu gaisuwa.

Na yarda kwanan kowa a hannun Allah yake, ban taɓa shakka ba. Amma na ga hannun da ya naɗe maganin a takarda, na ga hannuna da ya buɗe kabad ya miƙa, na ga liman da hedimasta da maƙwabta da duk muka ce uba uba ne muka koma gidajenmu. Da duka yake yi mata, da garin ya taru a ƙofarsa. Da yake sonta yake yi, son da ba ya yarda wani ya amfane ta, sai muka rasa sunan da za mu kira abin, muka yi shiru har aka binne ta.